Watan da Baba Ya Gani

Mutumin farko da ya cuce ni a ƙasar Rasha Bahaushe ne, kuma da sallama ya fara. Ina tsaye a filin jirgi da jakunkuna biyu, ban san gabas ba ban san yamma ba, sai na ji an ce salamu alaikum da irin muryarmu. Wallahi kamar in rungume shi. Ya tambaye ni daga ina, na ce daga ƙasar Daura, ya ce ai shi ma kakarsa 'yar Baure ce. Ya ce dillalin da ya shirya mini tafiyar daga Kano shi ya turo shi ya tarbe ni. Ya karɓi babbar jakar wai ya rage mini nauyi, ya kai ni tashar jirgin ƙasa, ya zaunar da ni a kan benci, ya ce bari ya yanko mana tikiti. Har yau yana can yana yankowa. A cikin jakar akwai rigunan sanyin da na saya a gwanjo, da bargo, da kilishi, da yajin da Inna ta daka mini. Da na tabbata ba zai dawo ba, na ja masa Allah Ya isa a fili, mutane suna wucewa suna kallona.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni can ba, ba kuma neman arziki ba. Ni Rabe malamin lissafi ne a wata sakandare a Daura, ina zaman lafiyata. Maganar mahaifina ce ta fitar da ni.

Sunansa Malam Ɗanjuma, amma a ƙauyenmu da ke ƙasar Mai'adua an fi saninsa da Mai Wata. Tun kafin a haife ni, duk ranar ashirin da tara ga wata, in rana ta yi sanyi, zai ɗauki sandarsa ya hau jigawar da ke yamma da gari ya zauna duban jinjirin wata. In ya ce ya gani, mai gari ya aika wa hakimi, hakimi ya aika Daura, ba a taɓa mayar masa da magana ba. Sai wata shekara, bayan an kafa shari'a ba da daɗewa ba, ran ashirin da tara ga azumi ya sauko ya ce ya ga watan Sallah, hagu da inda rana ta faɗi, a saman gawon da ke gonar liman. Ba wanda ya gani sai shi. A lokacin an tsaurara maganar shaida, alƙali ya ce ba a sauke azumi da idon mutum ɗaya, aka ƙi karɓa. Amma mutanen garinmu suka ce in Mai Wata ya gani an gani. Washegari muka yi Idi, muka ci tuwon Sallah, alhali Mai'adua da Daura da duk ƙasar suna azumi.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Aka kira shi gaban kwamitin duban wata aka yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. A kasuwa aka sauya masa suna, aka koma kiransa mai ganin watan da babu. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina hawa jigawar, ya koma zama a zaure yana jan carbi. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Wani abokin aikina ya maimaita sunan nan a ofishin malamai yana dariya, sai da aka ɓamɓare hannuna daga wuyan rigarsa. Na taɓa karantawa cewa akwai masu lissafin tafiyar wata da taurari, su faɗa maka inda wata ya tsaya a kowane maraice, ko wanda ya wuce ko wanda bai zo ba. Na rantse sai na je na koyo, na dawo na ajiye wa kwamitin nan hujja a gabansu cewa Baba ya ga abin da ya ce ya gani. Na sayar da babur ɗina da shanun huɗata, na miƙa wa dillali.

Daga tashar nan, da nuna sunan garin da ke kan takardata a taga na samu tikiti. Jirgin ya yi ta tafiya arewa cikin daji mai dogayen itatuwa, ba gona ba rugar Fulani, ba ko tunkiya. Da na sauka, iskar da ta buge ni sai da haƙorana suka yi ƙara, ga ni da 'yar rigar yadi da suwaita ɗaya. A makarantar da na je, cuta ta biyu take jirana. Wata ma'aikaciya ta ɗora yatsa a kan takardata, ta yi mini bayani da guntun Turanci cewa gurbin koyon harshe kawai aka samo mini, na shekara ɗaya, ba sunana a sashen ilimin falaki, wato na taurari, ba a ma taɓa nema mini ba. Na fito na zauna a kan matakala, na rasa wanda zan zaga, dillalin ko kaina.

A ƙofar gidan kwanan ɗalibai akwai wata tsohuwa mai tsaro, mai ƙiba, fuskarta ba fara'a, kullum tana saƙa. Sunanta Nina, amma ni Iya na sa mata. Ta dube ni tun daga takalmi har kai, ta yi wata magana mai tsawo wadda na tabbata faɗa ne. Washegari ta tare ni a ƙofa ta cusa mini wata ƙatuwar kwat mai nauyi kamar buhu, tana warin taba. Daga baya na gane ta mijinta ce da ya mutu. Hannun rigar ya wuce yatsuna, in na shiga aji ɗalibai su yi ta ƙunshe dariya. Ban damu ba, ita ta raba ni da mutuwa a wannan hunturun.

Hunturun kuwa ban taɓa zaton akwai irinsa ba. Rana ba ta fitowa sai hantsi ya wuce, ta ɗan leƙo ta bayan gidaje, kafin ka ce la'asar ta tafi. Yawancin kwanaki ma ba a ganinta, sama rufe take ruf kamar an kifa ƙwarya. Na zo koyon taurari, na shafe watanni ban ga ko ɗaya ba. Azumi ya same ni a haka, ban ga wata ba, ban ji kiran salla ba, ban ji ƙarar turmi da asuba ba. 'Yan sanda su tsayar da ni su duba takarduna su sake dubawa. Wata rana wasu samari masu aske kai ƙwal suka biyo ni daga tashar mota suna kukan biri, ɗaya ya jefe ni da kwalba ta fasa mini ƙeya. Ni da ba a taka ni in ƙyale, ranar gudu na yi, kwat ɗin mijin Iya tana harɗe ni. Iya ce ta wanke ciwon. Da ta gama ta shiga ɗan ɗakinta ta fito da kwano mai turiri ta ajiye a gabana. Na duba, sai na ga gero. Gero sosai, irin namu, an dafa shi da madara. Ashe su ma suna ci. Na kifa kai a kan kwanon ina kuka, ita kuma ta koma saƙarta kamar ba ta gani ba.

Ranar Lahadi ce ranar gida. Yaya Haruna, babban wanmu, yakan ɗauko Baba a babur ya kai shi kasuwar Mai'adua wurin mai wayar lema, ni kuma in kira daga nan. Ban taɓa gaya musu maganar jaka ko ta kwalba ba. Baba ba mai yawan magana ba ne a waya, yakan tambayi lafiya, ya tambayi salla, sannan a ƙarshe ya ce, an fara karatun watan? In ce ana shiri, Baba.

Da harshen ya ɗan zauna mini a baki, sai na fara satar shiga ajin falaki. In gama darasina in ruga wani tsohon gini, in zauna a can baya inda ba a lura. Malamin wani Farfesa ne tsoho, gajere, yana ɗingisa ƙafa ɗaya, rigarsa duk alli. Rabin maganarsa wuce ni take yi, amma abin da yake rubutawa a allo yaren da na iya ne. Ranar farko ya kafa ƙusa biyu a jikin wani katako, ya ɗaura musu zare sako-sako, ya ja zaren da alli ya kewaya, sai ga siffar ƙwai ta fito. Na ce a raina, turke biyu da igiya ke nan. Ya ce haka kowace duniya take kewaya rana, ranar tana zaune a gurbin ƙusa ɗaya. In duniyar ta matso kusa ta ƙara sauri, in ta yi nisa ta sassauta, kuma saurin nan da sassaucin duk a kan ƙa'ida suke, ba ganin dama ba. Na fito ranar ina tasbihi a kan hanya, na manta da sanyi.

Ba a daɗe ba ya gano ni. Ana tashi ya nuna ni da alli, ya tambayi sunana a jerin ɗalibansa, na ce babu. Na zaci kora ce. Sai ya rubuta wani lissafi a allo, ya miƙo mini allin, ya zauna ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan kujera. Na yi ta fama, na yi kuskure a tsakiya, na goge na sake, har na kai ƙarshe. Bai yaba ba. Ya ce gobe in zauna a gaba, ya gaji da hango kwat ɗin nan a lungu. Shi ya bi ofis-ofis da ɗingishinsa har aka yarda in shiga sashensa in shekarar harshe ta cika.

A wurinsa na san cewa wata ya fi kowa taurin kai. Ya ce in abu biyu ne suke jan juna, kamar rana da duniya ɗaya, lissafinsu yana ƙarewa tsaf. Amma da na uku ya shigo, ba wata amsa guda da za ka rubuta ka huta. Wata kuwa duniya tana jansa, rana tana jansa, hanyarsa tana karkacewa tana murɗawa. Sai dai ka yi kusan daidai, ka gyara, ka gyara gyaran, ka yi ta yi. To amma mutane sun shekara ɗaruruwa suna gyaran nan, har ya kai yanzu kuskuren da ya rage bai kai kaurin gashi ba a idon mai kallo. Da na ji haka na ce lokaci ya yi.

Ƙanƙara ta narke, rana ta fara daɗewa a sama, na same shi a ofis na ba shi labarin Baba da karyayyen Rashancina. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ɗauko wata babbar taswira, muka nemi ƙauyenmu babu, muka sami Daura, na ɗan matsa da yatsa arewa zuwa bakin iyaka. Ya ce ya isa. Kafin mu fara ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lissafin nan bai san mahaifinka ba. Ka yarda?" Na ce na yarda, don ban ga abin tsoro ba. Ya ce in yi da hannuna, shi zai duba da na'ura.

Na yi. Amsar da ta fito ta ce a wannan maraicen, daga kan jigawarmu, wata ya riga rana faɗuwa. Bai ma gama tsufa ba, balle a haifi sabo. Na ce na yi kuskure, na goge na sake. Na ce ko na ɓata kwanan, na gwada da ranar da ke gabanta da ta bayanta, na dawo kan tawa. Na matsar da garin kudu, na matsar da shi yamma har kusan Katsina. Wata yana nan a ƙarƙashin ƙasa, ya ƙi fitowa. Raina ya ɓaci har na ce wa Farfesa ƙila lissafinsu na samansu ne, bai san namu ba. Bai ji haushi ba. Ya juyo mini da fuskar na'urar, ya tambaye ni ta ina Baba ya ce ya gani. Na ce hagu da mafaɗar rana, sama kaɗan. Ya ɗora yatsa a daidai wurin. Akwai abu a can, mai haske ƙwarai, tauraruwar nan ta maraice da muke kira Zara. Farfesa ya ce idon da yana ta fara rufe shi, in ya kalli ɗigon haske, yakan ga ya miƙe ya lanƙwasa. Ya ce mahaifina bai yi ƙarya ba, ya ga wani abu. Wannan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan.

Na sayar da shanuna, na sha kwalba a ƙeya, don in wanke sunan Baba, ga shi da hannuna na tabbatar da maganar 'yan kasuwa. Abinci ya fita raina. Lahadi ta zo na kira, na cika Baba da labarin itatuwa sun yi ganye. Wata Lahadin na ce Farfesa ya yi tafiya. Wata kuma na ce layi ba kyau, alhali ina jin har kukan awaki. Na yi tunanin in ce masa lissafin ya gaskata shi, wa zai bincika? Na yi tunanin in ce ba a iya gano abin da ya wuce. Iya ta lura kwanon gerona yana komawa yadda ya zo, ta yi ta mita.

Baba ne ya gaji da ni. Muna gama gaisawa ya ce, "Rabe, Lahadi nawa ke nan kana kewaye da ni. Malamin naka ne bai iya ba, ko kai ne ka kasa faɗa?"

Na jingina da bangon ɗakin wayar. Na ce, "Baba, ran nan wata ya riga rana faɗuwa."

"To me na gani?"

"Zara ce, Baba."

Ya yi shiru. Ina jin kasuwar Mai'adua a kunnena, babura, da dillalan shanu suna ciniki, da mai lema yana cewa a yi sauri akwai masu jira. Na fara zuba magana don in cike shirun. Na ce ba wanda ya sani daga ni sai wani tsoho da ba zai taɓa zuwa Daura ba. Na ce ai malamai ma sun ce da gani ake aiki, ba da lissafi ba, don haka ba alƙalin da zai karɓi maganata ko da na kai. Na ce mu bar ta a nan, ta mutu tsakaninmu.

Kamar bai ji ni ba, ya ce, "Tun shekarar nan, in na kalli fitila sai in ga ta yi wutsiya. Na ɗauka fitilar ce." Sannan ya ce, "Ke nan ranar da muka yi Idi azumi ce."

Na ce e.

"Gari guda yana ɗauke da ramuwar kwana ɗaya, bai sani ba, kuma ni na ɗora masa. Wasu ma sun mutu da ita." Na ce Baba za su yi maka dariya fiye da ta da. Ya ce, "Su yi. Kai ma ka ci tuwo ran nan, har ka nemi ƙari. Ka rama." Ya miƙa wa Yaya Haruna wayar.

Sauran a bakin Yaya Haruna na ji, Lahadin da ta biyo. Ya ce ran Juma'a ana sallamewa Baba ya miƙe da sandarsa, ya ce kada kowa ya fita. Ya faɗa musu cewa ba wata ya gani ba, idonsa ne ya fara tafiya, duk wanda ya sauke azumi da maganarsa ya rama kwana ɗaya, kuma yana roƙon gafararsu. Yaya ya ce shi kansa ya rasa inda zai sa idonsa. Daga baya aka rabu. Wasu suka ce ba za su rama azumi da lissafin Nasara ba. Wasu suka ce dama sun faɗa. A kasuwa sunan nan bai mutu ba, har yau akwai masu kiransa da shi. Amma liman ya miƙe ya ce shi ya ja sallar, shi zai fara ramawa, ya sa ranar Alhamis, kuma yawancin gari sun ce suna bayansa. Na tambayi Yaya yadda Baba yake. Ya ce ga shi can a rumfar masu goro yana taya ciniki, ya ƙi zuwa wayar, wai ya daɗe bai zaga kasuwa ba.

Alhamis ɗin ta faɗo a tsakiyar bazararsu, lokacin da rana take ƙin faɗuwa a wannan garin. Na san dalili sarai, duniya ce a karkace take kewaya rana, arewacinta ya juyo yana fuskantar haske, zan iya zana maka shi a allo. Sanin bai rage mini ƙishirwa ba. Na ɗauki azumi tun wani ɗan duhu da bai kai a kira shi dare ba, na je aji, na dawo, na kwanta, na tashi, rana tana nan. Na sauko wurin Iya don ɗakina ya ishe ni. Na ɗan yi mata bayani gwargwadon harshena, ban san iyakar abin da ta fahimta ba, amma ta dafa gero ta rufe shi da faranti, ta jawo kujera kusa da taga, ta zauna da saƙarta. Na lissafa a raina, a gida an daɗe da kiran magariba, Inna ta miƙa wa Baba kwanon fura, garin ya sauke abin da ke wuyansa. A nan kuwa rana tana gangarawa a kaikaice ta saman rufin gidaje, ja wur, ba ta da niyyar taɓa ƙasa.

Iya ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta dube ni, ta ɗora hannu a kan farantin. Ta ce, yanzu?

Na ce tukuna, Iya.